Salamata Mai Tuwon Madara da Idon Aro

A Zangon Wagadugu, duk wanda ya ci tuwon madarar Salamata ya sha zaginta, don tare take sayar da su. Shekara talatin tana dafa madara da sukari a tukunya ɗaya, ba ta koya wa kowa ba. In dahuwa ta kusa sai ta kori mutane daga madafa.

Abin da take ɓoyewa ɗan ƙanƙani ne. Ta lura sukari ba ya tashi daga ruwa ya zama ƙwaya kai tsaye. Akwai ɗan tsakani: ƙyallin tukunya ya dushe, kauri ya taru wuri-wuri kamar gajimare, shi ba ruwa ba, shi ba ƙwaya ba. A nan ake saukewa a buga da muciya, ya fito da laushi. A yi gaggawa ya zama danƙo, a makara ya zama yashi.

Shekarar da aka fara rusau a unguwar Kuluba, idonta ya soma gazawa. Tukunya uku a jere ta sauke yashi. Lassane mai kanti, wanda ke sarar rabin abin da take yi, ya dawo mata da tire.

"Hajiya, haƙoran mutane nake ji wa. In na Juma'a ya zo haka, zan nemi wata."

Ranar Alhamis da safe ta kira Rokia, matar ɗanta, mai aiki a farmasi, don ranar tana hutu. Shekara bakwai suna gida ɗaya, Rokia ba ta taɓa taka madafar ba, kuma Salamata ba ta kiranta da komai sai Madam.

Rokia ta shigo da ma'aunin zafi a hannu.

"Wa ke zazzaɓi?"

"Inna, a makarantar lise an koya mana, in ya kai digiri kaza..."

"Ki kai wa lise ta sayar. Ajiye wannan tsinken, idonki nake so, ba iliminki ba."

Tukunya ta fara tafasa. Rokia ta kai cokali za ta kankaro sukarin da ya bushe a gefe.

"Kul. Ƙwaya ɗaya ta faɗa, duk sauran su bi ta. Me kike gani?"

"Madara."

"Tana ƙyalli?"

"Me ya kamata in gani, Inna? Ki faɗa, ko mu zauna mu ci yashi tare. Ni albashina na nan."

Salamata ta ji tafasar ta yi nauyi, lokaci na tafiya. Ta haɗiye zagin da ke bakinta, ta faɗi sirrin cikin jimla uku, kamar ana cire mata haƙori.

Rokia ta sunkuya ta zuba wa tukunyar ido.

"Voilà, ga shi nan. Ya dushe."

Salamata ta sauke, ta buga har kafaɗarta ta amsa. Da ya huce ta murza guntu da yatsa: laushi.

"Sa'a ce," in ji ta. "Gobe da asuba ki fito."

"Da asuba ina shirin aiki. Sai na taso, ƙarfe biyar."

"Ni ban taɓa hura wuta da yamma ba."

"To ki hura da asuba, Inna, ki duba da kanki."

Lassane bai nemi wata ba. Amma tun daga ranar, bayan la'asar ake ganin Salamata a bakin madafa, itace a jere, ashana a hannu, tana jiran babur ɗin Rokia, tana zagin duk babur ɗin da ya wuce bai tsaya ba.