Fostar Saniyar da Ke Kwance

Cikin duk ranakun da na yi a wannan ofis, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita a raina ba, ranar da aka tura ni Bosso ɗaukar hoton baje kolin ɗalibai. Yawancinku kun zo ne kun tarar da ni zaune gaban kwamfuta, don haka gara ku ji yadda aka yi na kai ga wannan kujera.

A lokacin na shekara ashirin da 'yan kai ina aikin ɗaukar hoto a sashen wayar da kai na ofishinmu mai kula da lafiyar dabbobi, ina mataki na tara. Aikina shi ne in bi likitocin dabbobi duk inda suka nufa, ruga ko kara ko mayanka, in ɗauko hoto. Idan za a yi fosta, sai in zuba hotunan a filas ɗin kwamfuta in kai wa wani mai shagon buga takardu a Sabon Gari, ya haɗa yadda ya ga dama, Darakta ya sa hannu a fayil, a buga. Ni ban ɗauki haɗa fosta a bakin sana'a ba. A ganina, duk wanda ya iya danna kwamfuta zai iya.

Daraktanmu na lokacin, Dakta Ndagi, mutumin Bida ne, bai fi wata uku da zuwa ba. Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane a jami'ar da ke Bosso suka gayyace shi, saboda aikinsu na wannan shekarar a kan wayar da kan jama'a yake. Ya rubuta a gefen takardar gayyatar cewa mai hoto ya biyo shi. Na cika fom, na karɓi kyamara a sito, muka tafi.

Zauren cike yake da ɗalibai da malamai da iyaye. An kakkafa ayyuka a bango: zanen fenti, atamfa, tambarin kamfanonin da ɗaliban suka ƙirƙiro, da fostoci. Ina ta ɗaukar Darakta yana gaisawa da mutane, sai na ga ya tsaya cik gaban wata fosta. Hannu ne guda na wata tsohuwa riƙe da ƙoƙo, ruwa na zuba a ciki, sai kalmomi huɗu a ƙasa: "Tafasa kafin ka sha." Sauran shafin fari fat.

Ya juyo ya ce, "Malam Isa, me ya sa namu ba sa fita haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni hoto nake ɗauka, mai shago ke haɗawa."

"To, abin da nake faɗa ke nan. Na je ruga makon jiya, na ga fostarmu an shimfiɗa ta ana shanya kuɓewa a kai. Idan sashenku ba zai iya ba, rigakafin bana zan ba 'yan waje, ku kuma in rarraba ku wasu sassa. Rajista suna neman mutum."

Bai ɗaga murya ba, amma na san ba wasa yake ba. Rajista ita ce ɗakin ajiye fayil. Na hango kaina ina kaɗe ƙura a kan takardu har ranar ritaya, ba kyamara, ba fita daji.

Washegari bayan an tashi aiki na hau keke na koma Bosso ni kaɗai. Na tsaya gaban fostar nan na daɗe. Ina neman in gane me ke cikinta da babu a tamu, sai na ga ai akasin haka ne, tamu ce ke da kaya da yawa. Can wata ɗaliba ta matso, ta gaishe ni da ladabi. Sunanta Rifkatu, 'yar Paiko ce, kuma ita ta yi fostar.

Ta ce, "Baba, na ga jiya ma ka tsaya a nan. Da ka zo, ina idonka ya fara zuwa?"

Na ce, "Kan hannun."

"Daga nan fa?"

"Kan ruwan, sannan rubutun."

Ta ce, "To shi ke nan aikin. Ni na jawo idonka daga nan zuwa nan, ba ka sani ba. Shi muke kira dizain."

Na buɗe wayata na nuna mata fostarmu ta bara. Akwai hotuna shida a ciki, da kawunan manyan ma'aikatarmu uku a sama, da rubutu launi biyar. Ta dube ta, ta yi ta ƙoƙarin danne dariya. Sai ta ce in nuna mata hotunana tsura, waɗanda ba a haɗa da komai ba. Ta riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Baba, ai ka iya rabin abin. Wanda ya ɗauki wannan ya san inda zai ajiye abu a cikin fili. Saura rubutu da launi kawai."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta yi mini daɗi. Na roƙi malaminsu izini, ya ce in riƙa zuwa ɗakin aikinsu ranar Asabar da hantsi. Na kuma rubuta wa Darakta takarda ta hannun shugaban sashe, ina neman a ba ni wata biyu kafin a yanke shawara, a kuma ara mini tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a sito. Ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: an amince.

Asabar ta farko na sha wuya. Hannuna da ya saba da kyamara ya ƙi yarda da maus ɗin kwamfuta, in ja hoto nan ya tafi can. Ɗaliban duk sa'o'in 'ya'yana ne, amma ba wanda ya yi mini dariya, ko kuma sun jira na fita. Rifkatu ta koya mini yadda ake jera rubutu a layi ɗaya, da dalilin da ya sa ba a haɗa salon haruffa fiye da biyu, da yadda ja a kan kore ke gajiyar da ido. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne cirewa. Ni duk hoton da na sha rana na ɗauko, so nake ya shiga. Ita kuma kullum maganarta, "Baba, cire ɗaya." In cire, ta ce, "Ƙara cire ɗaya." Wata rana na ce mata, "'Yata, to in na cire duka me zai rage?" Ta ce, "Wanda ya ƙi ciruwa, shi ne fostar."

A mako na shida na haɗa fostar rigakafin ciwon huhu na shanu. Na zaɓi hoton da na fi alfahari da shi a duk aikina: farar saniya an kwantar da ita a kan ciyawa, an ɗaure ƙafafunta, likita ya durƙusa a kanta da allura tana ƙyalli a hasken safiya. Na bar sama fili, na sa layi ɗaya a ƙasa. Rifkatu ta ce ta yi. A ofis kowa ya yaba. Darakta ya dube ta ya ce, "Yanzu ka zo." Ko kawunan manya da na cire bai tambaya ba. Ya sa hannu a fayil, aka tsayar da Litinin za a kai madaba'a.

Ni a wurina an gama. Amma Rifkatu ta ce malaminsu yana da doka: ba a buga aiki sai an kai wa waɗanda aka yi dominsu sun gani. Na ce ai Darakta ya riga ya sa hannu. Ta ce, "Darakta yana da shanu nawa?" Ranar kasuwar Paiko muka hau bas da kwafi ɗaya a naɗe.

A kara na nemi Arɗo Buba, wani dattijon Bafulatani da na sani tun shekarun farko na aiki. Muka gaisa, na tambayi iyali da dabbobi, sannan na warware fostar na riƙe masa. Rifkatu ta riga ta gargaɗe ni kada in yi bayanin komai. Makiyaya huɗu ko biyar suka matso.

Arɗo ya dube ta ya girgiza kai. Ya ce, "Allah sarki. Ta wa ce?"

Na ce, "Me ka gani, Arɗo?"

"Na ga an kayar da saniya za a yanka. Ga mutum da ƙarfe a hannu. Ciwo ne ya ci ƙarfinta?"

Wani daga baya ya ce, "A'a, allura ce. Allurar ce ta kayar da ita."

Sauran suka gyaɗa kai. Ba wanda ya kalli rubutun. Na ce, "Arɗo, kira ne a kawo shanu rigakafi." Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam Isa, mu saniya a kwance da igiya a ƙafa abu ɗaya take nufi. Wa zai ga wannan ya kawo tasa?"

Na juya na kalli Rifkatu. Ta ce, "Baba, ni ma ban gani ba."

Shekara ashirin ina shiga cikin shanu, ban taɓa tambayar mai su me yake gani a hotona ba. Na ce wa Arɗo, to wace irin saniya ce in ya gani zai ji daɗi? Ya ce in zo ruga da sassafe kafin a saki garke, zai nuna mini. Ya ƙara da cewa yawancinsu boko ba ta dame su ba, amma in an rubuta da ajami za su karanta.

Ranar Lahadi bayan asuba na isa rugarsa. Ya fito da wata saniya mai ƙoshi, tana tsaye tana tuƙa, ɗan maraƙinta yana shan nono. Ya dafa tozonta ya tsaya. Ya ce, "Wannan an yi mata bara. Ga ta, ga ɗanta." Hoto uku kawai na ɗauka, na san na samu.

Saura abu mai wuya. A aikin gwamnati, fayil ɗin da Darakta ya sa wa hannu ba ƙaramin ma'aikaci ke dawo da shi ba. Da safiyar Litinin na fara shaida wa shugaban sashe, ya ce shi ba ruwansa, in shiga da kaina. Na shiga da fostoci biyu, tsohuwa da sabuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo roƙon a dakatar da bugun nan."

Ya cire tabarau ya ce, "Wanda na sa wa hannu? Wanda kai ka kawo?"

"Shi, ranka ya daɗe. Kuskurena ne."

Na ba shi labarin abin da ya faru a kara, ban rage komai ba. Ya ɗauki tsohuwar ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ni likitan dabbobi ne, na kayar da shanu sun fi a ƙirga. A idona wannan aiki ne yake tafiya daidai." Ya ajiye ta, ya jawo fayil, ya soke umarnin farko, ya rubuta sabo. Ya ce, "Da an buga an rarraba, da ni zan amsa tambaya a sama. Ka nemo wanda ya iya ajami sosai ya duba rubutun, kada mu sake." Limamin masallacin unguwarmu ya rubuta mini da hannunsa, na ɗauki hoton rubutun na ɗora.

Aka buga, aka manna a kara da bakin masallatai da wuraren da mata ke sayar da nono. Ba zan ce fostar ce kaɗai ta kawo shanu ba, don likitocinmu da arɗo-arɗo sun yi yawo sosai a shekarar. Abin da na gani da idona shi ne, a wurin allura wani makiyayi ya zaro ta daga aljihu a ninke, ya nuna wa likita ya ce irin wadda aka yi wa saniyar Arɗo yake so a yi wa nasa. Maganar rajista kuwa ba a sake tayar da ita ba. Bayan shekara aka ƙara "da tsara fosta" a jadawalin aikina, aka sayo kwamfutar da kuke amfani da ita yanzu.

Rifkatu ta gama karatu ta buɗe shagonta a Bosso. Kafin ta tafi bautar ƙasa ta ce ita ma sai na koya mata haske, don hotunanta duhu suke yi. Muka yi Asabar huɗu a bakin kasuwa, ni ma na samu na ce mata, "Matsa kusa. Ƙara matsawa."

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, sana'ar nan tamu ba a gama koyonta, kuma malaminka ba lallai ya girme ka ba, ba lallai ya taɓa shiga aji ba. Na koyi jera shafi a wurin yarinyar da na haifi kamarta, na koyi ganin saniya a wurin mai saniya. Mu da ke ofis idonmu ya saba da abin da muke nufi, shi ya sa muke ganinsa ko da babu shi a takardar. Don haka idan ɗayanku ya gama aiki, kada ya kawo mini yana tambaya ko ya yi kyau, zan iya cewa ya yi, in cuce shi ban sani ba. Ya naɗe shi ya hau mota, ya kai wa wanda aka yi domin shi, ya riƙe masa, ya kame bakinsa, ya saurari abin da zai fara faɗa.