Fitsarin Ladan a Watan Azumi

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Malam Idi a kan amalanke ba. Lokacin ni ne majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a wani ƙaramin asibitin ƙauye kusa da Urafane. Azumi ya faɗo cikin bazara.

Malam Idi shi ne ladanin garin. Jiri ya kayar da shi bayan azahar, ƙanensa Sale ya kawo shi. Kafin in duba shi, Sale ya ja ni gefe.

"Majo, gari ya ɗauka cewa Yaya yana shan ruwa a ɓoye. Bini-bini ana ganinsa bayan masallaci da buta. Mai azumi ya taɓa yin fitsari haka? Har an fara maganar a sauke shi."

"Kai fa, me ka gani?"

Ya kau da kai. "Ban gan shi yana sha ba. Amma randarmu ba ta kwana da ruwa."

Na ba Malam kwalba ya yi fitsari a ciki. Ya dawo da ita cike, fari tas kamar ruwan rijiya. Nan na yi turus. Ku sababbin ma'aikata kun san ƙoda tace jini take yi, ta mayar wa jiki mafi yawan ruwan, ta zubar da dattin. In mutum ya ji ƙishirwa, ƙwaƙwalwa kan aika mata saƙo ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsarin mai azumi yake ɗan kaɗan, jawur. Wannan kuwa, ko dai Malam yana sha, ko daga buta ya cika mini kwalbar, ko kuma ƙodar ba ta jin saƙon.

Ban yarda da kowa ba. Na karɓe butar, na auna nauyinsa, na zaunar da shi gabana ina aikina. Ko digo bai sha ba. Kafin la'asar ya sake neman zagayawa, na bi shi har ƙofa. Kwalbar ta dawo da ɗumi, fara kamar ta farko. Na gwada, babu sukari. Harshensa ya bushe, nauyinsa ya ragu.

Na ce, "Malam, ƙodarka zubar da ruwa take yi. Ka sha yanzu, in tura ka Tasawa."

Ya girgiza kai. "In na sha, ai na gaskata su."

Sale ya daɗe yana kallon kwalbar. Sai ya ɗebo ruwa a moɗa, ya durƙusa.

"Yaya, ka yafe mini, har ni na zarge ka. Sha. Ni zan tsaya gaban jama'a in faɗi abin da idona ya gani."

Malam ya karɓa ya sha.

Likitan Tasawa ya tabbatar da ciwon rashin riƙe ruwa ne, ya tura shi Maraɗi aka ɗora shi kan magani. Liman ya ce ya riƙa ciyarwa maimakon azumi. Ladancinsa bai kuɓuce ba, ko da yake akwai masu gunaguni har yanzu.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu zargi yana da amfani, in dai zai sa ka sake gwaji. Mutanen gari sun ga abin da na gani, sai dai su sun tsaya a bayan masallaci, ba su sake gwaji ba. Da Malam ya ƙara kwana biyu yana kare sunansa da ƙishirwa, gawarsa za su wanke, suna ci gaba da zarginsa.