Labaran Gado da Ba Su Shiga Ƙyalle Ba

Bari in fara da kaina, tunda mai tona mini asiri ya riga ya kwanta dama. Ni da duk Gaya ke kira Mushe, shekara biyu kacal na yi a lakkol, wato makarantar boko, ta biyun ma rabinta a kan mangwaro na yi ta, ina gudun bulala. Abin da na fito da shi bai wuce kwaikwayon baƙaƙen Nasara ba, in an ajiye su gabana. Karantawa kuwa, sai dai ku nemi wani. Amma ranar da Yaya Gado ya laƙa mini Mushe, sunan da muke kiran malaman lakkol, ban ce a'a ba. Har alƙalami na nema na soke a aljihu.

Gado ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara goma. Shi ne mai facin keke da gyaran fitila a hanyar da ke gangarawa mashigin jirgi, tun ba a fara zancen gada ba. Ku da kuka san shi kun tuna yatsun nan nasa. Kome ya gani sai ya haɗa su kamar 'yar taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, sannan ya yanke hukunci: ya shiga ƙyalle, ko bai shiga ƙyalle ba.

Ƙyallen da yake nufi shi ne na sinima, wanda mutanen Kamba ke ce wa majigi. Kowane rani kamyo, wato babbar mota, yana zuwa daga Yamai, a ɗaura farin ƙyalle a fili bayan magariba, a kunna inji. Duk da faransanci ake yi, ba mu jin kome, muna dai kallo. Tun ranar da Gado ya fara gani bai koma daidai ba. An yi suna a gidanmu, liman ya ja addu'a har ƙafafu suka mutu, ana shafawa Gado ya leƙa ta yatsunsa ya ce, “Allah shi karɓa, Malam, amma ba ta shiga ƙyalle ba.” Ranar da jaki ya kayar da wani gardi cikin taɓo kuwa, cewa ya yi, “Wannan ko a Faransa sai an maimaita shi.”

Ba kallo kaɗai ya tsaya ba. Yana da labarai nasa da yake ƙirƙira yana faci, duk na abin da ba a yi ba tukuna: injuna masu hankali, tafiya sama, Gaya bayan shekara ɗari. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga ko guda a kan ƙyallen nan. Matsalar ita ce wanne zai tura. Sai ya fito da ma'auni.

“Mu nan duk kurame ne gaban sinima,” in ji shi. “Saboda haka labarin da kurma ya gane, shi ne na ƙyalle.”

Akwai Bawa, wani masunci kurma da ke gyaran komarsa a inuwar rumfar. Shi Gado ya naɗa alƙali, ba tare da ya tambaye shi ba. Zai tashi ya yi masa labarin da hannu da ƙafa, ba magana. In Bawa ya ajiye koma, labari ya ci. In ya ci gaba da ɗinkinsa, ya faɗi.

Na farko shi ne na mutumin ƙarfe da aka kawo ya riƙa tuƙa jirgin fito, ba ya ci ba ya gajiya. Masu kwalekwale suka ga zai kashe musu sana'a, suka tura shi cikin ruwa. Shi kuwa ya taka ƙasan gulbi a hankali, ya ɓullo a gaɓar Dahome da kifi a hammata. Gado ya kifa tsohuwar garwa a ka, ya sandare gwiwoyi, yana tafiya yana ture kifaye da hannu. Bawa ya yi dariya har ya faɗi daga kan turmin da yake zaune.

Na biyu na fataken Gaya ne da suka loda albasa da busasshen kifi a wani jirgi mai feshin wuta ta gindi, suka tafi duniyar wata don su riga kowa kasuwa. Suna sauka suka tarar da ɗan duwan, wato ɗan kwastan, zaune a rumfa da hatiminsa, yana jira. Don a nuna wata, Gado ya ɗauko farin zanen matarsa Hajo ya shimfiɗa a kan katanga. Ta fito da muciya a hannu.

“Malam, zanen sallar tawa ne zai je sama?”

“Zai dawo, Hajo.”

“Ya dawo kafin la'asar.”

Bawa bai gane jirgin ba, amma da aka zo wurin kwance kaya da buga hatimi, sai ya gyaɗa kai ya nuna hanyar Kamba, inda 'yan duwan ke tare fatake. Gado ya ce an ci rabi.

Na uku shi ya fi so, shi ne kuma ya ba shi wuya. Wani mutum ne ya ƙera akwati mai jin abin da ke cikin zuciyar mutane. Ya kai shi gida, ya ji na matarsa, ya ji na abokansa, ya tashi ya binne akwatin. In Gado ya faɗe shi da baki, har fatake kan tsaya da jakunansu. Amma da hannu fa? Mutum ne zaune da akwati a kunne. Bawa ya dube shi, ya ci gaba da ɗinki. Kwana bakwai Gado yana sake gwadawa, yana ƙara zare ido, yana dafe ƙirji. Rana ta bakwai Bawa ya tafi gida ya dawo masa da sassaƙen maganin ciwon kunne.

Na ce, “Yaya, ka sa shi hakanan mana. Wa zai sani?”

Ya ce, “Labarin kunne ne, ba na ido ba. In na tura shi na cuce shi.”

To, a nan nawa wautar ta shigo. Da aka ce kamyo yana Dosso, saura kwana uku, Gado ya kawo mini takarda fara fal guda huɗu. Ya ce, “Mushe, rubuta da faransanci. Mutumin ƙarfe a farko, sai na wata. Ka gaya musu kurma ya gwada su.” A gaban mutane ya faɗa, cikinsu har da mahaifin yarinyar da nake nema a lokacin. Na karɓa na ce ai ƙaramin aiki ne.

Na shiga ɗaki na tura ƙyaure. Na nemo duk abin da ke da rubutun Nasara a gidanmu: gwangwanin sardin, na madara, kwalin ashana, da wani buhun siminti. Na kwashe su tas, baƙi bayan baƙi, har shafi huɗu suka cika. Rubutun ya yi kyau, wannan kam ba zan ƙasƙantar da kaina ba. Gado ya ce in karanta masa, na duba takarda na maimaita masa labarinsa da Hausa. Har gyara ya yi mini wuri biyu, na ƙara ɗigo.

Mai kunna injin wani ɗan Dahome ne mai tabarau, yana jin Dandanci, yaren mutanen Gaya. Da kamyo ya iso, Gado ya sa rigarsa ta sallah ya miƙa masa takardun da hannu biyu. Ni ina can bayan kamyo, ina duba tayoyi kamar an sa ni. Na ga mutumin ya karanta shafin farko, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ban tsaya ganin na biyu ba.

Washegari na zo a ɗarare. Gado yana faci, ya ce, “Ya karɓa. Sai mu jira amsa.”

Shekara shida muna jira. Duk wanda ya sauko daga Yamai, sai Gado ya waiwayo ya ce, “Mushe, ko amsarmu ce?” Ni kuma in ce Faransa da nisa, ko in ce manyan suna shawara. Wata rana har na ce masa ƙarfen da za a ƙera mutumin ne ya yi tsada. Ya ce, “Haka ne, ga yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba.” Da can ni ba mai zama ba ne, in ya fara labari nakan tuna wani aike. Amma tun daga takardar nan, kunya ta ɗaure ni a bencinsa. Kullum bayan la'asar ina nan. Na ji na garin da aka rufe da gilashi saboda zafi, na ji na tsohuwar da ta kwana cikin ƙanƙara ta farka ta tarar da jikokin jikokinta sun fi ta furfura. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai ya haɗa yatsu ya leƙo ni, in haɗiye.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi, ana cikin aikin gada, bai ga an gama ba. Bawa ne ya fi kowa haƙa a kabarin. Allah ya jiƙan Gado, ya yalwata masa makwanci, ya nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Ni kuma Allah ya yafe mini nawa.

Bayan sadakar arba'in Hajo ta aiko a kira ni. Na durƙusa a ƙofar ɗaki, ta turo mini wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga shafukana huɗu, an ninke su da kyau.

Ta ce, “Tun a ranar ɗan Dahomen ya mayar masa. Ya karanta masa su duka da Dandanci, har na simintin.”

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, “Ya hana a faɗa maka. Wai tun da yake ba da labari, bai taɓa samun mai zama ya ji har ƙarshe ba sai da ka yi masa ƙaryar nan.”