Littafi Gida Uku

Duk layin shagunan an san Mai Takalmi da abu biyu: ɗinkinsa ba ya warwarewa, kuma ba ya iya ganin littafin 'yan leƙen asiri ya wuce. Sai dai shi ba ya iya cin daɗin labari shi kaɗai. Da ya sayo mai kauri, sai ya sa wuƙar yankan fata ya tsaga shi gida uku. Yana gama kashin farko ya miƙa wa tela, tela ya miƙa wa mai aski. In littafin ya gama zagaye, ya ɗinke shi da zaren takalmi.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani. Hannu bai manta basilla ba, amma karatu ya gagara. Ya zuba littattafan a kwali, ya ajiye.

Wata safiya sai ga tela ya jawo benci, riƙe da guntun sabon littafi da aka datsa da almakashi. Ya yi ta karanta masa, har jarumin ya ji motsi a bayan ƙofa, sai tela ya dakata.

"Nawa kashin ya ƙare, Baba. Na biyu yana hannun mai aski, yana nan tafe."

Mai Takalmi ya shafa gefen takardun, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Allah ya saka muku da alheri," ya ce. "Amma wa ya yi wannan mugun yanka? In kun gama, ku kawo in ɗinke."