Masu Figar Jelar Aku

Edita, a sakaya sunana. Shekarun da ruwan madatsar Tiga ya fara isowa gonakinmu ta magudanar kanal, ina sabuwar amarya a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Maigida wuni yake a gonar tumatir, gida shiru kamar an yi shara. Yayana direban babbar mota ne mai kai kaya kudu, shi ya tausaya mini ya kawo mini ɗan aku a kejin waya. Ƙarami ne, gyaɗa ma sai na ɓare masa. Ina daka yana kafaɗata, ina tankaɗe yana jan bakin ɗankwalina. Da la'asar maigida kan ɗauki kejin ya rataye a zaure, wai abokansa su ga abin da babu a gidan kowa.

Ana fara ɗiban tumatir tsuntsun ya canza. A tsakar gida lafiya lau, amma da ya shiga keji sai ya zama wani. In na miƙa hannu zan sauya ruwa sai ya bubbuɗa gashi, ya maƙale a lungu yana gurnani, ya kawo sara. Ya tsaga mini babban yatsa har sai da na kasa tuƙa tuwo. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Da na gaji da jinya sai na daina cusa hannu. In buɗe ƙofa in ja gefe, in kara masa karan dawa, in ya hau ya fito in ba shi gyaɗa, sannan in gyara kejin ba ya ciki. Ni dai cizo ya ƙare tsakanina da shi. Maza kuwa kullum sai an shigo neman tsumman ɗaure yatsa.

Nan wan maigida ya shigo maganar. Mutum ne da bai taɓa kiwon ko zabuwa ba, amma babu abin da bai sani ba a duniya. Ya ce tsuntsun mugun iri ne, maganinsa a ƙona masa baki da wuƙa mai zafi, yadda ake yi wa kaza mai shan ƙwai. Na ce ban yarda ba. Maigida ya yi dariya ya ce wasa ake.

Ranar da na zo wanke hular maigida na ji abu a cikin naɗin. Na farke, sai ga jan gashi an ɗinke da baƙin zare. Na je na ɗaga jelar akuna, rabinta babu, ga jini ya bushe a gindin gashin. Ashe wani ne ya gaya musu wai jan gashin aku a hula yana sa bakin mutum ya yi zaƙi a gaban masu sayen tumatir. Ƙarti da gemunsu, masu sahun gaba a masallaci, su taru a zaure, ɗaya ya danne ɗan tsuntsu a lungun keji, ɗaya ya figa. Da na tare maigida da gashin a tafin hannuna, ko kunya, cewa ya yi ai gashi ne, zai sake tsirowa. Tun ranar na hana a fita da kejin, aka yi ta gunaguni wai mace ta fi ƙarfin gida.

Sai suna ya kama a gidanmu a Madobi, ba yadda zan tafi da shi. Ina juya baya suka koma figa, akun kuma ya kama wan maigida ya yi masa rauni mai kyau, Allah ya ƙara. Na dawo na tarar da wuƙar girkina ta yi baƙi, bakin akuna ya guntule, yana rawar jiki a ƙasan keji. Tumatir ɗin nasu kuwa, da gashin da komai, a bakin titi ya ruɓe a kwanduna, ban taya kowa jaje ba.

Jama'a, duk mai kiwon aku ya ji ni. Keji ɗakinsa ne, kada ku kutsa masa hannu, ku buɗe ku jira ya fito. In ya fara cizo a ciki, kafin ku kira shi mugu ku bincika wa ke taɓa shi in ba kwa nan, kuma ku fara da na gida. Kada ku ɗauki barazanar marar imani a matsayin wasa.

Nawa bai kai damina ba. Na yi ta dama masa kunu ina ɗiga masa da yatsa. Ranar ƙarshe ya kama yatsan nan ya ciza da iyakar ƙarfinsa, karo na farko a wajen keji. Na bar masa hannun. Ko shatar baki bai iya yi mini ba.