Ɓarawon Asubar da Na Yi Sati Uku Ina Farauta

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Gombe babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta buɗe shafin intanet. Tarihin unguwanni muke tarawa a ciki: su wa suka fara zama a Manawashi, ina tsohuwar rijiya take, da ire-irensu. Malaminmu na Hausa ne ya kawo shawarar, wani dattijon Bafulatani da ya yi ritaya. Rabin abin da ke shafin shi ya rubuta a wayarsa, da yatsa ɗaya.

Dukanmu kalmar sirri ɗaya muke shiga da ita mu saka rubutu. Wata rana aka goge labarin wani, aka rasa wanda ya goge. Nan na miƙe a taro na ce zan haɗa mana namu tsarin shiga, kowa da sunansa da kalmarsa, kuma a kan kwamfutarmu, ba ta wani kamfani ba. Aka tafa mini, kaina ya kumbura.

Abokina, ɗan Borno mai gyaran waya a unguwar Madaki, ya ba ni wuri ƙarƙashin teburin shagonsa, don yana da sola. Can na jibge wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe. Sati guda ina fama kafin ta yarda ta yi magana da manhajar shafin. Da ta yarda, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na saita cewa kowace kalmar sirri ta daina aiki bayan wata ɗaya, sanarwar canji kuma ta tafi ta imel. Imel ɗin Malam ni na buɗe masa da hannuna, na kuma san bai taɓa leƙa shi ba. Amma ko kaɗan hakan bai faɗo mini a rai ba.

Bayan wata guda, ina duba bayanan da kwamfutar ke ajiyewa, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Kullum da an idar da sallar asuba, wani yana gwada shiga da sunan Malam, sau uku, sau huɗu, duk a banza. Na ce wa abokina, "Ka gani? 'Yan kutse sun gano mu!"

Bai ko ɗago daga wayar da yake gyarawa ba. Ya ce, "Wane ɗan kutse ne zai bar banki ya zo satar labarin rijiya? Ka kira Malam mana."

Na ce a'a, ba za a tayar da hankalin dattijo ba, sai na kama ɓarawon tukuna. Na kulle sunan Malam gaba ɗaya, wai ina kare shi. Shirun da ya yi a shafin kuma na ɗora wa damina, na ce ai yana gona.

Sati uku ɓarawon nan bai fasa zuwa ba. Sai wata asuba ya daina. Wallahi har murna na yi, na ce ya gaji.

Ranar Juma'ar satin na hau keke zuwa Nasarawo in kai wa Malam albishir. Na same shi a zaure kan tabarma, gefensa littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki. Na gyara zama na soma ba shi labarin jarumtata. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, ai ni ne."

Na dafe kai. Na ce, "Malam, me ya hana ka kira ni?"

Ya yi ɗan murmushi. "Na ɗauka kun zauna ne kun ga rubutuna ya tsufa, kuna jin nauyin faɗa mini. To, in yara sun rufe ƙofa cikin ladabi, babba ba ya tsayawa yana bugawa. Ina dai gwadawa ne kullum, ko kun sake shawara."

Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Na san fulako, kunyar nan ta Fulani, tun ina yaro, na san mutum irin Malam ba zai taɓa buɗe baki ya ce an hana shi abu ba, amma na gina tsarin da ba ya gyaruwa sai wanda ya maƙale ya yi ƙorafi. Littafin nan na gefensa cike yake da labaran da ya ci gaba da rubutawa da biro, ba tare da ya san ko za a karɓa ba.

A zauren, ta wayata, na buɗe masa sunansa, na cire dokar wata ɗayan. Muka zauna har la'asar, yana karanto mini ina bugawa, yana gyara mini Hausa kamar muna aji.

Yanzu aikina ke nan, haɗa wa makarantu da ƙungiyoyi irin wannan tsarin, na kuma fi da iyawa nesa ba kusa ba. Amma ina kewar lokacin nan, da mu duka muka san juna, har wanda na kira ɓarawo ma a zaure ɗaya muke shan fura. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sau biyu muna ƙaura da shafin zuwa sabuwar kwamfuta, kuma duk lokacin sai tsarin ya tambaye ni ko a share sunayen da suka daɗe ba su shiga ba. Nasa har yau a buɗe yake.