Sanusi ya ce in jira shi Asabar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Bukkuyum: 'yan bindiga sun tare hanyar Zugu jiya, Sanusi mai gyaran kwamfuta na cikin waɗanda aka kashe. Innarsa ya je dubowa a babur.



Ni ne sakataren ƙungiyar manomanmu a Gummi. Farkon makon nan ina zaune, sai na ga kibiyar laptop ɗina tana yawo da kanta, tana buɗe fayil. Kunya ba ta hana ni faɗa ba, tofi na fara yi mata. Har garwashin turare na sa aka kawo.

Sanusi ya shigo ya tarar da hayaƙi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Sakatare, wanga ba aljani na ba, mutum na. Shina zaune wani wuri shina kallonka. Mi ka buɗe kwanan ga?"

Fom ɗin tallafin taki ne aka turo mini ta WhatsApp. A cikinsa aka ɓoye virus ɗin da ke ba baƙo damar juya kwamfutarka daga nesa.

Ya kashe data, ya manna filasta a kan kyamara. Da ya ga fayil ɗin da aka buɗe, dariyar ta ɗauke. Sunayen membobinmu ne na ƙauyuka, da lambobin waya, da yawan shanun kowa.

"A ƙasar ga, wanda ya samu wagga takarda ya san gidan da za a shiga."

Ya yi scanning, ya cire abin da ya gani, ko ruwan shayina bai tsaya sha ba. Ya ce bai tabbata ya fita duka ba, kuma bai san ko an riga an kwashe sunayen ba. "Kada ka kunna ta. Asabar in na dawo mu wanke ta gaba ɗaya."

Gobe Asabar.

Ga ta nan a kan tebur da filastarsa. Ban san wa zan kai wa ba, ban san me zan ce wa mutanen da suka ba ni sunayensu bisa amana ba. Na gaji da wankan gawar waɗanda suka fi mu amfani.

Allah ya gafarta maka Sanusi, ya ba Inna haƙuri. Ya tsare kowane gida da ke cikin fayil ɗin nan. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, ya sa su ma.